Hannun Tirela

Har bayan ya sayar da motar ba wanda ya daina kiransa Mai Tasi, shi ma bai hana ba. In an kira ya amsa, in ba a kira ba ya wuce abinsa. Gardama sai da ƙarfi, shi kuwa a watannin nan ɗan ƙarfin da ya rage masa bai wuce na jan ƙafa daga gida zuwa wurin koyo ba.

Ba da son ransa ya rabu da tasin ba. Ta tsufa, fasinja ya yi wuya, abin da ya samo da rana makanike ke karɓewa da yamma, har da yi masa fatan alheri. Sai ya ji labarin wani kamfanin dakon kaya da ke koyar da tuƙin tirela, wanda ya ci gwajinsu su ba shi mota da albashi. Abin da ba a faɗa da ƙarfi shi ne kuɗin koyon daga aljihunka zai fito, kuma duk tsawon watannin ba mai ba ka ko na sabulu. Ya sayar da tasin ya biya, ya ajiye ragowar don cefane. Ragowar ba ta jira shi ba. Kafin koyo ya yi rabi haya ta ƙare, mai gida ya zo da sallamarsa mai daɗi, da sabon ɗan haya a bayansa yana auna tagogi da ido.

Surukinsa ya aiko a kai masa 'yarsa da jikokinsa. A baki kyautatawa ce, amma matar tasa, Maman Auta, ta san mahaifinta. Tun farko bai so auren ba, bai kuma taɓa wahalar da kansa wajen ɓoyewa ba. Ranar da saƙon ya zo tana naɗe labule, ta yi magana ba tare da ta ɗago ba.

"Baban Auta, ko gindin bishiya ne zan zauna da kai. Amma in na shiga gidan Baba da kayana, ka san ba zai bar ni in sake fitowa ba. Ya daɗe yana jiran ranar nan. Don Allah kada ka bari a kai mu can."

Ya ce, "To."

Wannan "to" ɗin ce ta kai shi ƙofar Yaya. Yayan nasa dillalin fenti ne, yana da gida mai babbar ƙofar ƙarfe tsakanin ginshiƙai biyu da aka yi wa ado, da sito a can baya. Mutum ne mai taimako, wannan kam ba za a hana shi ba, sai dai irin taimakon da ake so a riƙa tunawa da shi safe da yamma. Ya sa aka ture bokitan fenti gefe guda, aka shimfiɗa katifa a inda ya rage, ya ce su zauna har ƙanin nasa ya gama "karatun nan nasa na tsufa". Nan suka dunƙule su huɗu: shi, da Maman Auta, da babbar 'yarsu da suke kira Aku saboda surutu, da Auta mai rarrafe. Warin fenti ya kama tufafinsu, ya kama gashin yaran, ko burodi ya kwana a ɗakin da safe fenti za ka ci.

Wurin koyon fili ne a bayan rumbunan kamfanin, ƙasarsa ta sha baƙin mai har ta yi sulɓi. An jera gangunan ƙarfe layi biyu a matsayin lungun da za ka shigar da mota. Mai koyarwar wani tsohon direba ne da kowa ke kira Baba Sannu-Sannu, don kalmar ba ta barin bakinsa. Ko gobara ce ta tashi a wandonka, sannu-sannu zai ce ka kashe ta.

Tafiya gaba ba ta ba Mai Tasi wahala ba. Ya san giya, ya saba da birkin iska, ya koyi buɗe kwana ya bar wa bodi, wato dogon bayan da ke ɗaukar kaya, wuri. A ribas ne gizo ke saƙar, nan ya tsaya cik. A ƙaramar mota in kana so bayanta ya yi dama, dama kake murɗa sitiyari, magana ta ƙare. Tirela kuwa abu biyu ne, kai da bodi, an haɗa su a wuri guda kamar gwiwa. In ka murɗa dama, bodin hagu zai nufa abinsa, ko kallonka ba zai yi ba. Waɗanda suka zo ba su taɓa riƙe sitiyari ba sun fi shi saurin kamawa, don ba su da abin mantawa. Shi kuwa da zarar ya sa ribas, sai hannun ya yi abin da ya shekara da shekaru yana yi, motar ta lanƙwashe, ganga ta kife ta gangara tana ƙara, 'yan koyo su kau da kai don kada a ga suna dariya.

Baba Sannu-Sannu ya ce masa, "Kanka ya gane, ɗana, hannunka ne ya ƙi. Hannun tasi gare ka, kuma ya tsufa da taurin kansa. Sai mun kashe shi mun binne." Ya hau ya zauna kusa da shi yana nishi. "Saki saman nan. Kama ƙasan sitiyarin, nan kusa da cinyarka. Yawwa. Kada ka waiwaya, wuyanka ba shi da aiki a motar nan, madubi kawai. Inda kake so bodin ya je, can za ka kai hannunka. Sannu-sannu."

Dabarar ta taimaka, amma ba ta zo da wuri ba. A gwajin farko, manaja na tsaye a inuwa da hannaye a baya, ya shiga lungun da kyau har rabi. Sai bodin ya ɗan karkace, gabansa ya faɗi, hannun ya yi tsalle ya koma sama, ya share gangunan gefe guda kaf. Manajan bai yi faɗa ba. Ya dai tuna masa cewa sau biyu ake gwada mutum a kamfanin nan, babu na uku.

Da ya koma gida ya ce, "Ban ci ba," da irin muryar da ake cewa an ɗauke wuta. Maman Auta ta tura masa kwanon abinci. Yaya da ya ji, sai ya yi tsaki a hankali ya ce, "To, sai kuma yaushe?" Bai jira amsa ba ya shige.

Daga nan ne Mai Tasi ya daina jin komai. Kada ka ɗauka baƙin ciki nake nufi, ai da baƙin ciki ne da sauƙi, a lallashe ka ka huce. Wannan wani abu ne daban, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta: tana nan a jikinka, ka tsunkule ta ba ka ji. Da safe ya je rumbu ya yi dakon buhuna tare da leburori don a samu na cefane, daga nan ya zaga fili ya jira layinsa, da yamma ya tako a ƙafa ya dawo. A zuba gishiri a abinci ko a manta, duk ɗaya. Matar Yaya ta ɓoye makullin famfo, bai ji haushi ba. Ta dawo ta aiko musu da nama, bai ji daɗi ba.

Abu ɗaya yake yi a gida. Ya samu murfin bokitin fenti, ya zauna a bakin katifa, ya kama ƙasan murfin da hannu ɗaya, yana juya shi a hankali, idonsa na zuwa hagu yana zuwa dama wajen madubin da babu. Matar Yaya in ta zo wucewa sai ta ce, "Direba, a yi a hankali dai, kada a bi ta kan shanyata." Ba ya ko ɗagowa. Aku ta zo da haƙorinta da ya fita a tafin hannu tana zuba labari kamar rediyo, ya ce, "Madalla." Ranar da Auta ya fara takawa, daga katifa zuwa bokiti, yana tangaɗi da hannaye sama, uwar ta yi ihu har da tafi, ta ce, "Baban Auta, duba! Duba ɗanka!" Ya duba. Ya ce, "Madalla." Murfin bai tsaya ba.

A fili kuwa ya fara shiga lungu ba tare da ya taɓa ganga ba, amma Baba Sannu-Sannu bai gamsu ba. "Har yanzu tunani kake yi. Ina ganin leɓenka na motsi. Ranar gwaji tunani guduwa yake, ya bar ka kai da hannunka. In hannun bai musulunta da kansa ba, aikin banza muke." Mai Tasi ya san gaskiya ce. Kowane murɗi sai ya tsaya ya faɗa wa hannun abin da zai yi, kuma ya san tsohon hannun yana nan laɓe yana jiran ya razana.

Saura 'yan kwanaki a yi gwaji na biyu, wata safiya da ba a zuwa fili, motar kawo fenti ta iso ƙofar gida tana son shiga ta sauke. Motar Yaya ce ta tare hanya. Sabuwa ce dal, fara, ko ledar kujeru bai yarda an cire ba, kullum da kansa yake goge ta yana yi mata magana. Bai taɓa barin ƙanin nasa ya taɓa ko marfinta ba. Amma ranar yana kan waya da wani mai sayen kaya, kunne ɗaya a toshe da yatsa, sai ya jefo makulli ya ce, "Kai direban manya, fitar min da ita waje."

Kowa na tsakar gida. Maman Auta na wanki a bakin famfo, Auta a bayanta, Aku na yi mata ɗauraya, matar Yaya na tsaye a ƙofar kicin. Motar a ɗan karkace aka ajiye ta, don haka sai bayanta ya ɗan yi dama kafin ta bi ta tsakiyar ƙofa. Aikin da Mai Tasi zai yi ido rufe, yana hira da fasinja, yana ba da canji.

Ya shiga, ya tayar, ya sa ribas. Ba abin da yake tunani, ko kaɗan. Bai waiwaya ba, idonsa ya tafi madubi. Hannunsa ya sauka ƙasan sitiyari. Yana so bayan motar ya yi dama, hannun ya tafi dama, bayan motar ya yi hagu. Ya ga ginshiƙi na tahowa a madubi, hannun ya ƙara gyarawa irin gyaran da ake yi wa bodi, ƙafar kuma da ta saba da tura abu mai nauyi ta taka da nauyinta. Ƙaramar mota ba ta san sannu-sannu ba. Ji kake ƙum! Fitilar baya ta tarwatse, bayan motar ya lotse ya shige ciki, adon ginshiƙin ya zubo ƙasa.

Kowa ya juyo yana kallo, famfo na ta zuba a bokiti.

Mai Tasi bai kalli baya ba. Hannunsa ya kalla. Ga shi nan a ƙasan sitiyari, kusa da cinyarsa, a inda Baba Sannu-Sannu ya daɗe yana roƙon ya zauna. Ba wanda ya aike shi. Ba a faɗa masa ba, leɓe bai motsa ba, da kansa ya je, kuma da aka razana bai gudu sama ba, nan ya tsaya ya yi aikin tirela. Duk shekarunsa na tasi bai taɓa goga mota a ribas ba. Hannun tasi ya mutu, kuma ga shaida.

Sai wani abu mai ɗumi ya taso masa daga ciki, abin da ya manta da irinsa. Murna ce, wallahi murna ce tsagwaronta, ba ta kuma nemi izininsa ba. Bakinsa ya buɗe har kunne, haƙora duk a waje, har wata 'yar dariya ta kuɓuce masa ta hanci.

A haka Yaya ya same shi da ya sunkuyo ta taga.

"Dariya kake?"

"Yaya, ba haka ba ne. Hannuna ne. Ya kama, ka gane, ya kama da kansa..."

"Ya kama." Yaya ya gyaɗa kai a hankali. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. "Madalla. Allah ya ƙara basira. Na ba ka ɗaki, na ba ka ruwa da wuta, ka fasa min mota kana washe baki. Fito min."

Bayan azahar Yaya ya aiko Aku ta kira ubanta. Ya ce ba ya neman kuɗin gyara, ya san babu. Sitonsa yake so, akwai kaya a hanya, kafin ƙarshen mako a ba shi wurinsa.

Maman Auta ba ta yi kuka ba, dabara ta shiga nema. Ta ce, "Ka san halin Yaya, mutum ne mai son a roƙe shi. Je ka durƙusa. Kama ƙafarsa. Ka yi kuka, Baban Auta, ko na ƙarya ne. Ba motar ce ta ƙona masa rai ba, dariyar ce."

Ya je. Ya same shi a falo ya durƙusa a kan kafet yadda aka ce. Amma murnar nan ta safe ta tafi, abin da ya dawo a madadinta ya fi na da kauri. Ya ce a yi haƙuri, ya ce kuskure ne, ya ce ba zai manta da alheri ba. Kalmomin duk daidai suke, sai dai sun fito kamar mai karanta lambar mota. Ya nemi hawaye, ya matsa, ya tuna da mahaifiyarsu da ta rasu, ya tuna da yaran, ina! Ko ɗigo. Yaya ya daɗe yana kallon fuskarsa yana neman abin da zai kama ya yafe, don a gaskiya so yake ya yafe. Bai samu ba.

"Tashi," in ji shi. "Kai ko a jikinka."

Matar Yaya ma, duk da tsokanarta, ta sa baki ta ce a dubi yaran. Ya ce ya gama magana.

Mai Tasi ya zaga. Ya je wurin tsohon mai gidan hayarsu, ya je wurin abokan tasha, ya je wurin wani ɗan gwaggonsu mai shagon taya. Kowa ya jajanta, wasu har da sayo masa shayi. Mai wurin kwanan mutum ɗaya akwai, a benci ko a bayan shago. Mai wurin mace da yara biyu babu.

Da ya dawo ya tarar ta fara ɗaure kaya. Yaran na waje. Ya tsaya a bakin ƙofa, ita kuma tana cusa tufafi a jaka da ƙarfin da ya fi na aikin.

Ta ce, "Ba Yaya kaɗai ya gani ba. Ni ma na gani."

Ta cusa wata riga, ta ci gaba.

"Wata da watanni ina neman haƙoran nan naka. Na ce wahala ce ta cinye su, na yi maka uzuri. Ɗanka ya taka a gabanka, ba ka yi ba. Yarinyar nan kullum sai ta zo ta yi ta maka wasa ko za ka kula ta, ta koma ta tambaye ni ko laifi ta yi. Ni da nake wanke kayan matar wani don a bar mu mu ɗebi ruwa, ban taɓa ganin ko rabinsa ba. Ashe suna nan. Ashe ba namu ba ne."

Yana da amsa. Yana so ya ce murnar tasu ce, hannun nan da ya kama shi ne ɗaki, shi ne katifa biyu, shi ne ƙofar da za su rufe da makullinsu. Maganar na nan yana ganinta, amma can ƙasa, kamar guga a rijiya ba igiya. Abin da ya fito shi ne, "Saura kwana kaɗan."

"Na sani. A ina za mu kwana a kwana kaɗan ɗin? Ko ka ci, albashi sai wata ya mutu, ɗaki sai an tara." Ta ja zif ɗin jakar, ya ƙi, ta bar shi a buɗe. "Na kira Baba."

Ana gobe gwaji ƙaninta ya zo ɗaukarsu, da tasi ya zo. Direban ma ya san shi, ya leƙo yana cewa, "A'a, Mai Tasi! Kwana biyu! An ce ka koma manya?" Ya ce eh. Shi ya shirya kayan a bayan motar, manya a ƙasa, tukwane a cikin bokiti, ya ɗaure katifar a sama da irin ƙullin da ba ya kwancewa a hanya. Aiki ya yi kyau, har direban ya yaba. Ƙanin ya matso kusa da shi yana sosa ƙeya, ya ce, "Baban Auta, Baba ya ce ba sai ka rako su ba. Ya ce in akwai magana shi zai neme ka."

Aku ta fito da kai ta taga. "Baba, yaushe za ka zo? Gobe? In ka zo da babbar motar za ka zo?" Uwar ta jawo ta ciki. Ita ba ta kalle shi ba, Auta take gyara wa hula, hular da ba abin da ya same ta. Motar ta tashi. Ya tsaya har ta sha kwana, yana lura da cewa tayar baya ta hagu iskarta ta yi ƙasa. Daga nan ya ɗauki 'yar jakarsa ya tafi rumbu, inda leburori ke da wurin shimfiɗa kwali.

Gwajin bai ɗauki lokaci ba. Manaja na inuwarsa, 'yan koyo sun jeru a gefe. Mai Tasi ya hau, ya sa ribas, ya kalli madubi. Bai faɗa wa hannun komai ba. Bodin ya ɗan karkace a tsakiya kamar wancan karon, gabansa bai faɗi ba, don ba abin da ya rage a gaban da zai faɗi. Hannun ya gyara, dogon bodin ya miƙe ya shige tsakanin gangunan kamar an zura shi da zare. Ya ja birki, iska ta yi tsaki, ya kashe.

Manajan ya gyaɗa kai ya ce ya zo ofis gobe a ba shi mota. 'Yan koyo suka yi tafi. Baba Sannu-Sannu ya zo da sauri, abin da ba a taɓa gani ba, ya rungume shi yana bubbuga bayansa. "Mun binne shi! Ɗan banzan hannu, mun binne shi!" Tsohon har da share ido da bakin riga. Bai san komai ba game da sito, ko motar Yaya, ko tasin jiya. Ba wanda ya tambaya, Mai Tasi kuma bai faɗa ba.

"To, a cire bodi," in ji Baba. "Mu je gida."

Ashe tsohon yana da al'adarsa da ya daɗe yana yi. Duk wanda ya ci gwaji a hannunsa, sai an cire bodi an bar kan motar kaɗai, sabon direba ya tuƙa, shi yana gefe, har ƙofar gidansa. A can zai danna babban hon, iyalinsa su fito su gan shi a sama. "Ba don kai ba ne," in ji Baba yana hawa da ƙyar. "Kai me ka yi? Zama ka yi kana murɗa ƙarfe. Su suka ci abinci ba mai, su suka yi ta ba maƙwabta haƙuri. Matata har ta rasu tana ba da labarin ranar da na tsaya mata a ƙofa. Ina ne gidan?"

Nan ne wurin faɗa masa gaskiya. Kalma uku ta isa. Ya buɗe baki, ya ga tsohon ya ciro tsumma yana goge gilashin gefensa don a gan su da kyau, sai ya rufe. Ya tayar da mota.

Suka bi ta gaban rumbuna, suka haye gada, suka shiga unguwa. Kan tirela ba bodi tsalle yake a kan kowane rami, Baba na riƙe da ƙarfen ƙofa yana dariya yana cewa sannu-sannu. Yana ta tambaya: yara nawa ne, babbar ta shiga makaranta, uwargidan tana da haƙuri ko irin tasa ce mai faɗa. Mai Tasi yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, kuma duk gaskiya ya faɗa. Layin su Yaya da ƙyar ya ɗauki motar, reshen bishiya na gogar rufinta. Ya tsaya daidai ƙofar, ya ja birki.

"Bismilla," in ji Baba.

Ya danna. Ƙarar ta cika layin, ta doki bango ta dawo, tsuntsaye suka tashi daga kan waya. Mai shago ya fito, tela ya fito da almakashi a hannu, mata suka leƙo ta katanga, wani ya gane shi ya ɗaga hannu yana ihu, "Mai Tasi! Kai, Mai Tasi ne!" Ƙaramar ƙofar gidan ta buɗe kaɗan. Matar Yaya ce. Ta ɗaga kai ta gan shi can sama, ta kalli tsohon da ke gefensa yana washe baki, ta sake kallonsa. Ba tsokana a fuskarta, tausayi ne. Ta sa gefen mayafi ta rufe bakinta, ta ja ƙofar a hankali.

"Wannan ce?" in ji Baba.

"A'a. Matar yayana ce."

"To ta tafi kira ke nan. Ko ba su ji ba? A ina ɗakin naku yake?"

"A baya."

"Shi ya sa. Ƙara, ɗana. Riƙe shi da kyau, kada ka yi musu rowa, ranarsu ce."

Mai Tasi ya sake dannawa, ya riƙe. Baba Sannu-Sannu ya gyara zaman hularsa, ya kakkaɓe gaban rigarsa, ya leƙa ta taga yana kallon ƙofar, hannunsa a ɗage yana jiran ya gaisa da matar gida.